Barau, Babu Wakafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ofishin rajistar haihuwa na asibitinmu. Ɗan ɗaki ne kusa da inda mata ke zuwa awo, da tebur ɗaya, da kwamfuta, da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Aikina in rubuta sunan jariri in buga masa takarda. Takarda kuwa in ta fita, gyara ta sai an sha zirga-zirga, shi ya sa nake karanta wa iyaye sunan kafin in buga.

Sunaye ma yayi gare su kamar ɗinki. Bana Ayman da Affan ne ke tashe, akwai ranar da na rubuta Ayman huɗu kafin in kurɓi ruwa. Na daɗe ina taƙama babu sunan da zai shige mini duhu.

Ran Talata da hantsi wani direban tasi ya shigo da matarsa, tana rungume da jariri cikin shawul. Yayar direban na biye da su, jaka a hammata, baki ba hutu. Ya miƙo mini fom, na ga ya rubuta Barau. Na ce a raina ga wani ya manta da ɗan wakafin sama. Na shigar da Bara'u a kwamfuta, wanda na rubuta har sau uku bana, na karanta musu shi da tsayawar nan ta maƙogwaro.

Yayar ta washe baki. Ta ce ga shi ma'aikaciya ma ta gyara, dama tun a gida take faɗa ba a ji. Ta turo mini wayarta in gani, wai ta duba jerin sunayen jarirai, babu Barau ko a ƙarshen shafi. Sunan tsofaffi ne, in ji ta, kuma ranar da ya shiga makaranta yara za su lanƙwasa masa harafin farko su mai da shi ɓarawo. Direban ya sosa ƙeya ya ce shi duk ɗaya ne, ɗan ɗigo ba zai hana yaro girma ba. Ni ma da nawa karambanin na ce Bara'u ya fi daɗin faɗa.

Sai da mai jegon ta ga na kai hannu zan buga sannan ta ɗago kai.

"Malama, ba Bara'u ba ne. Barau. A miƙe ake faɗinsa, ba a tsayawa a tsakiya."

"Ke dai akwai kafiya," in ji yayar.

Na tambaye ta ko sunan wani ne a danginsu. Ta ce a'a, ta gyara wa yaron hula.

"Daga bari ne. Biyu na haifa kafinsa a asibitin nan. Duk zuwa awo ina wuce ƙofarki, amma ban taɓa samun wanda zan kawo miki ba sai yau. Roƙo nake a bar mini wannan."

Yayar ta mai da wayarta cikin jaka a hankali. Direban ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. Ni kuwa kunya ta rufe ni, da baƙin cikin cewa saura ƙiris in goge wa baiwar Allah addu'arta da ɗan wakafi ɗaya, ina ganin gwaninta na yi.

Na goge wakafin. Na karanta sunan, harshena ya so ya tsaya inda ya saba, na sake karantawa har sai da ta gyaɗa kai. Takarda ta fito, na buga hatimi na sa hannu. Yayar ce ta fara leƙa shawul ɗin ta ce, "Sannu, Barau," kuma ta faɗe shi daidai.

Har sun kai ƙofa mai jegon ta juyo, ta tambaye ni ko wannan ce takardar da ake nema in za a sa yaro makaranta. Na ce ita ce.

"To don Allah sa mini ita a leda mai kauri," in ji ta. "Za ta jima a ajiye."