Jar Masara

A babban siton hatsin da Uwar Biyu ke yi wa shara, ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da gidanta: duk abin da ya zube ƙasa na mai tsintsiya ne. Buhu ya fashe a kafaɗar ɗan dako, ko ɓera ya huda gindinsa, sai ta bi da tsintsiya da faranti ta tattara, ta sheƙe ƙasa da kashin ɓera, ta wanke tas. Da wannan take ci da 'yan biyunta mata da uwar mijinta, tun da mijin ya tafi neman aiki wayarsa ta daina shiga. Albashin kuwa, a bar maganarsa kawai.

Sai damina ta matso. Aka kwashe hatsin ci kaf, aka cika siton da irin shuka, masarar da aka cuɗe da magani don kada ƙwari su cinye ta a ƙasa, ja wur kamar barkono. Mai kula da siton ya tara ma'aikata, tumbinsa na gaba yana biye, ya ce wannan ba abinci ba ce, guba ce, duk abin da aka share a kai ramin bayan sito a binne. Mutumin ba mugu ba ne. Bai dai taɓa wuni da yunwa ba, shi ya sa a ganinsa magana ta ƙare ke nan.

Tun daga ranar, Uwar Biyu take tara masara da hannunta tana tura mata ƙasa. Manyan ƙwayoyi, kowace ɓul-ɓul, irin da ba ta taɓa samu a shara ba. Tana binnewa cikinta na ƙugi.

A gida an riga an sayar da abin sayarwa: katifa ta tafi, rediyo ya bi ta, tukunya ɗaya ta rage. Maƙwabtan gidan hayar su ma kowa ya fara cin abincinsa a bayan labule. Ta je bayan kasuwa tsintar ganyen kabeji, ta tarar mata sun fi ganyen yawa. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne yaran sun daina kuka. Ƙaramar, in za ta je bakin ƙofa, sai ta zauna a hanya ta huta.

Tsohuwa kuwa bakinta bai rame ba. Dama can ba sa ga maciji da surukarta: shara ba ta yi ba, ruwa ya yi ɗumi, da ɗanta ya auri mai tattali da bai bar gari ba. Jikokin ma ba su tsira ba, kullum tana tsokanarsu da masu cikin zani. Uwar Biyu takan haɗiye, ta ce to, Inna. Amma a ranta, Allah ya sani, ta sha kallon tsohuwar ta ga baki ne kawai na huɗu.

Kullum takan tafi aiki da kular abinci, ba komai a ciki, don kada 'yan dako su gane. Ranar nan ta tsuguna a bakin ramin, ta waiga, ta cika kular da jar masara ta murɗa murfi. Ta wuce mai gadi har da yi masa sai gobe.

Washegari da safe ta zazzage ta a roba. Ruwan farko ya fito ja kamar an yanka kaza. Ta zubar, ta sake, ta murza da toka, ta sake, har tafin hannunta ya yi zafi. A hankali ruwan ya koma fari, masarar ta fito fes, Uwar Biyu ta ɗora ta a wuta. Ita da ta wanke hatsin da ya sha baƙin mai, ta wanke wanda kyankyasai suka yi gida a ciki, aka ci aka kwana lafiya, me zai gagari wanki? A wajenta dauɗa dauɗa ce: in ido ya daina ganinta, ta fita. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa jan launin alama ce kawai, maganin kuwa ya riga ya shige ciki.

Tsohuwa na zaune a kan tabarma tana kallo. Ta tambayi ko wannan ce wadda ake binnewa. Uwar Biyu ta ce ita ce, kuma ba sai an yi mata wa'azi ba. Za ta fara ci ita kaɗai, in azahar ta yi ba ta ji komai ba, ta ba yara.

"In kin faɗi fa, wa zai yi sharar?"

"Inna, ki dube su. Ki dube su, ki gaya mini abin da zan yi."

Tsohuwa ta dube su ɗin. Ƙamshin tukunya ya riga ya taso su, sun rarrafo sun zauna kusa da murhu, ido a kan murfi. Sai ta taɓe baki ta ce ita dai ba a taɓa dafa abu ba gishiri a gabanta ba, ko talauci ne ai da mutunci. A je a roƙo ko ɗan kaɗan ne wajen maƙwabciyarsu, matar tela. Uwar Biyu ta tashi da takaici. Ana maganar rai, ita gishiri ya dame ta.

Matar tela ta tsare ta da labarin ciwon bayanta kafin ta ƙulla mata gishirin. Da ta dawo ta ji kukan yaran tun daga tsakar gida, kukan da ta daɗe ba ta ji ba. Tsohuwa ta sauke tukunyar, ta kife roba a kai, ta zauna daram a bisa, kwano wayam a cinyarta, tana share baki da gefen zani.

Uwar Biyu ta tsaya, gishiri a hannu.

"Zauna mana," in ji tsohuwa. "Ba azahar kika ce ba?"

Suka zauna. Yaran suna jan zanin kakarsu suna dukan gwiwarta, ita kuwa tana ce musu su yi haƙuri, yau babba ce ta riga. Rana ta hau. Uwar Biyu ta ƙura wa fuskar tsohuwar ido, tana addu'a iri biyu da ita kanta ba ta iya raba su: Allah ya kiyaye Inna, Allah ya sa masarar ta ciyu. Har ta fara sa rai. Har ta ɗauko ƙananan kwanuka biyu ta ɗauraye.

Sai ta ga gumi na tsattsafowa a goshin tsohuwa. Yawu ya fara dalala ta gefen bakinta, amma ba ta tashi daga kan robar ba. Ta kamo wuyan hannun surukarta, riƙon da ba ta taɓa yi mata ba.

"'Yata, kar ki ba su. Ki kai nesa ki binne, suna kallon inda za ki zubar."

Uwar Biyu ta fasa ihu. Maƙwabta suka fito, tela ya ruga neman abin hawa, aka ciccibi tsohuwa zuwa waje. Uwar Biyu kuwa ta rungume tukunyar a ƙirji, da sauran zafinta, ta rasa wanda za ta bi, yaran na rataye da zaninta suna miƙa hannu. Matar tela ta durƙusa ta tambayi babbar me ya faru.

Yarinyar ta share majina, ta nuna ƙofar da aka fita da kakarta.

"Kaka ce ta ci ita kaɗai," ta ce. "Mu ta hana mu."