Kunnen Baba

Tun da idon Baba ya mutu ya bar garejinsa, Auta ke kai shi asibiti a tsohuwar motarsa. Ran nan ta murɗa makulli, injin ya yi ta gurnani, ya ƙi tashi.

"Daina wahalar da batir," in ji Baba. "Murɗa rabi kawai, ki yi shiru."

Ya karkata kunne wajen tanki.

"Famfon mai bai motsa ba. Duba fis ɗinsa a ƙasan sitiyari."

Ai kuwa ya ƙone ƙurmus. Baba ya sa ta ciro na rediyo ta saka. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Auta ta saki baki tana kallonsa.

"Mu tafi, 'yar nan," ya ce yana dariya. "Yau ni ne rediyonki."