Ranar da Tela Ya Ɗaura Mini Ɗankwali

"Daina motsi," in ji Tela. "Sai ka ce yaro a hannun wanzami."

Ina zaune a kujerar roba a tsakiyar shagon waya, shi kuma yana tsaye a kaina yana ɗaura mini ɗankwali. Na mata, mai jan fure. Shekara hamsin ina aikin katako, ko hulata ba wanda ya taɓa kai wa hannu. Mutum uku suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo. Na dube su sau ɗaya, suka tuna suna da wurin zuwa.

Tela maƙwabcina ne. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, shi ne kuma ya raba gidajenmu ta baya. Shekara talatin da ɗaya muna haka. Da wani ne ya zo mini da wannan shirme, da ya ji a jikinsa.

Iyafis muka zo saye, irin marar igiya da ake maƙalawa a kunne ɗaya a amsa waya. Mai shagon ya jera kala huɗu a kan gilashi, ya ƙara da wani babba.

"Baba, ga na kunne biyu," ya ce. "Wannan in ka sa, ko gini ya rushe a bayanka ba za ka ji ba."

"Shi ne ba na so," in ji Tela. "Mayar."

Tela ya cusa na farko a ƙarƙashin ɗankwalin, ya daidaita shi a kunnena. Mai shago ya haɗa shi da wayata.

"Sunkuya, Kafinta. Kamar za ka ɗaga mutum daga gado."

Na sunkuya. Abin ya faɗo ƙasa.

"Ɗaya ya fita," in ji shi.

Na biyu ya zauna daram. Tela ya fita bakin titi ya kira ni a waya, ya ce in juya kai dama da hagu ina magana. Na ce ba ni da abin faɗa. Ya ce to in zage shi. Na zage shi. Ya dawo yana girgiza kai: zanen yana gogar bakin abin, bai ji komai ba sai kacar-kacar. Na uku yana da dogon hannu har gefen baki, ya sarƙe da ƙullin ɗankwali. Na huɗu ƙarami ne, da ƙugiya mai laushi da ke zagaya bayan kunne. Bai faɗi ba, bai yi ƙara ba.

Na ɗauka mun gama. Sai Tela ya zaro cokali da kofin ƙarfe daga aljihu. Ya ce wa mai shago ya kira ni ya yi ta surutu kada ya tsaya. Shi kuma ya shige ɗakin ajiya, ya ja ƙofa. Mai shago yana cika mini kunnen dama da labarin ƙwallo, na ji da na hagu: kwal, kwal. A hankali ƙwarai.

"Sau nawa?" ya tambaya da ya fito.

"Biyu."

"Naɗe mana wannan," ya ce wa mai shago.

Na san bugun nan. Matarsa shekara huɗu tana kwance, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Da cokali take kiransa. Bugu ɗaya ruwa take so, biyu a juya ta, uku a zo kawai a zauna. Shi yake mata komai tsakanin ɗinki da ɗinki.

A hanyar gida sau biyu ya zauna, tafiyar da ba ta kai a zauna ba. A karo na biyu, a kan dakalin wani kanti, ya ce, "Ba ka tambaye ni ba."

"Ba na tambayar abin da ba a gaya mini ba."

"Na Auta ne."

Auta 'yarsa ce, ita kaɗai ta rage musu. Tana wani gari, tana amsa kiran mutane a kamfanin aika kaya daga safe zuwa yamma. Ta taɓa gaya masa wasu abokan aikinta daga gida suke yi.

"Likita ya ce zuciyar ta gaji," ya ce, yana duban takalminsa. "Ba ta wuce 'yan watanni. In Auta ba ta zo ba, dangi za su ɗauki uwarta. Mutanen kirki ne. Amma za ta buga biyu su kawo mata ruwa."

"Ta ce za ta zo?"

"Ban gaya mata ba." Ya miƙo mini kwalin. "Bayan na tafi ka ba ta. In na ba ta da hannuna, ba za ta iya ce mini a'a ba. Ina so ta iya."

"Ni za ta iya?"

"Kai kowa yana jin daɗin ce maka a'a."

Na karɓa na sa a aljihu. Ban ce masa sannu ba. Bai nema ba.

Kwana goma sha tara bayan haka, da hantsi, ina fere ƙafar tebur, keken ɗinkin Tela ya tsaya. Na san tsayuwar kekensa duka: ta sauya zare, ta yanka, ta zuwa wurin matar. Wannan a tsakiyar layi ya tsaya. Na ci gaba da aiki kaɗan. Sai na ji cokali. Uku. Shiru. Uku kuma. Ba wanda ya tashi.

Na zagaya. Yana kan kujerarsa, kansa a kan hannunsa, ƙafa ɗaya a kan matakin keke. Wandon makaranta na ƙarƙashin allura, kalmasar ta kai rabi. Na taɓa wuyansa. Na cire masa tabarau na ajiye a kan tebur.

Daga nan na shiga ɗaki. Ban taɓa wuce ƙofar nan ba. Ta dube ni, ta dubi bayana, ba kowa. Ni ba mai iya magana ba ne. Na jawo kujera na zauna, tunda abin da ta nema ke nan. Ta saki cokalin a kan bargo.

Da yamma muka kai shi makwancinsa. Auta ta iso washegari.

A kwana na huɗu na ji ana jan akwati. Na shiga na same ta tana ninke zannuwan uwar. Ta rame, idon ya kumbura.

"Baba Kafinta, sannu da ɗawainiya. Gwaggo ta ce za ta ɗauki Inna ranar Asabar."

Na ajiye kwalin a kan akwatin. "Saƙon ubanki."

Ta buɗe, ta juya abin a tafin hannu. Yarinyar ba ta taɓa zama mai jinkirin ganewa ba. Fuskarta ta ɗaure.

"Wato ya sani. Ya sani bai gaya mini ba, ya zauna ya yanka mini rayuwa ya ɗinke kamar riga."

"Ya ce kina iya cewa a'a."

"Yanzu? Wa zan ce wa?"

"Ni. Don haka ya ba ni."

Ta ɗaga gefen ɗankwalinta ta maƙala abin a kunne, kamar mai neman aibu. Ta juya kai. Ta sunkuya ta ɗauki wani zane da ya faɗi. Ta miƙe, ta taɓa kunnen.

"Wanda nake da shi a wurin aiki kullum sai ya faɗo. Yaya aka yi ya san wannan zai zauna?"

Na so in ce ban sani ba. Ban saba ƙarya ba.

"A kaina ya gwada."

"Da hula?"

"Da ɗankwali."

"Kai, Baba?"

"Mai jan fure. A gaban jama'a. In na ji maganar nan a bakin wani, ke ce."

Ta rufe baki da hannu. Dariyar ta ƙi tsayawa, ta zauna a ƙasa, daga baya ta koma wani abu dabam. Na fita na ba ta wuri.

Da la'asar ta leƙo shagona. "Zan je in yi magana da su a wurin aiki. Ban yi alkawari ba."

"Ban nema ba."

Ta tafi. Matata ta koma kwana wurin marar lafiya. Asabar ta zo, Gwaggo ta zo da mota. Na tare ta a ƙofa na ce a ƙara mako guda. Ta ce ni wane ne a gidan. Na ce mai bango. Ta yi ta faɗa, ta tafi.

Ran Alhamis mota ta sauke Auta da jaka biyu da kujerar ofis mai taya. Ta ce wata uku za ta gwada. Na ɗauki kujerar na shigar.

Yau da safe na zagaya karɓo zartona da Tela ya ara tun bara. Ƙofar tsakar gida a buɗe. Auta ta fito da uwarta shan rana, ta zaunar da ita a tabarma tsakanin gwiwoyinta, tana yi mata kitso. Hannu biyu cikin furfura, iyafis ɗin a kunne, baki yana aiki.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Kayanka suna hanya, gobe kafin azahar. Karanto mini lambar kuma."

Tsohuwar ta jingina kai da gwiwar 'yar, idonta a rufe. Na bar zarton inda yake. Na koma shago, na ajiye guduma kada ƙara ta tsallaka bango, na ɗauki takardar goge katako.