Rigar Yawon Arba'in

Rigar ta tsaya cak a ƙirji, ta ƙi sauka. Wasila ta ja har ɗinkin hammata ya yi ƙara, sannan ta zauna a bakin gado tana haki.

"Inna, dubi yadda na koma. Da mi zan shiga 'Yandoto ran arba'in?"

Uwa, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidajensu a Tudun Wadar Gusau, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce mai jegon da ba ta yi ƙiba ba ai abin kunya ce ga mai yi mata wanka. Uwa ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, gidanta kuwa sai ita da kaji biyu. Wasila ma ba ta da uwa, mijinta Jatau direba ne, tun da aka ba Zamfara jiha yake kan hanya da siminti. Shi ya sa Uwa ta karɓi jegon nan hannu bibbiyu. Safe da yamma takan tafasa ruwa a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaffyaɗa mata a jiki, sannan ta dama kunu ta zuba kanwa ba tsoro. Rabon da wani ya buƙace ta haka, ta manta.

Ita kuwa Wasila rigar nan ta tsaya mata a rai, domin da ita take so 'yan garinsu su gan ta. Ta daina cin tuwo, ta bar nama, sai kunun kanwa kofi bayan kofi, don ta ji ana cewa yana zuge ciki. Nono ya ja baya, jaririya ta yi ta tsotso tana kuka. Jikin kuma, maimakon ya sauka, sai ƙara hawa yake. Zobe ya ƙi fita, silifa ya matse. Ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai uku. Uwa tana tsokanarta da cewa ta zama Hajiya tun ba a je Makka ba.

Ranar kwana talatin da ɗaya, Uwa tana shafa mata mai a ƙafa, sai ta danna ƙaurinta da yatsa. Wurin ya lotsa kamar ƙullin fura, bai taso ba. Ta tsaya tana kallon ramin. Ta goya jaririyar, ta fita titi ba mayafin kirki ta tsayar da mota.

A asibiti malamar jinya ta danna ƙafar, ta ɗago ta dube su.

"Wanga ba ƙiba ba ta, ruwa na. Zuciya ta gaji. Wa ka ba ta kanwa haka?"

Uwa ta buɗe baki, Wasila ta riga ta.

"Ni nika damawa da kaina, Malama."

Kwana biyu ta yi a gadon. Uwa ba ta matsa daga gefenta ba, kuma ba wanda ya leƙo, don saƙon da aka kai tasha bai riski Jatau ba. Da hantsin rana ta uku Wasila ta ce a ɗora mata yarinyar a ƙirji. Ta ce wa Uwa ta ajiye rigar, ɗiyar za ta girma. Kafin azahar ta cika. Jatau ya iso an dawo daga maƙabarta.

Mata sun zo gaisuwa, suna yaba wa Uwa cewa ta yi wa marainiya abin da uwa ke yi. Kowace yabawa sai ta ji ta kamar wuƙa, ba ta kuwa da wanda za ta faɗa wa. Ranar sadakar uku dangin Wasila suka tafi da jaririyar 'Yandoto, wurin wata mai shayarwa.

Washegari da safe Uwa ta fito tsakar gida, hannunta ya kai ga ashana kafin ta tuna. Garwar tana kife a kan murhu. A gindin katanga ga sauran itacen da ta ware na kwanakin wankan da suka rage, ɗaure da igiyarsa. Ta zauna a kai, rigar a ninke bisa cinyarta, kajin suna tono a cikin toka.