Dariyar da Ke Cikin Kaset

Malam Tsaki ya yi ritaya daga gidan buga littattafai, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar kurakuran marubuta da jan biro. Da aiki ya ƙare sai ya koma duba kurakuran mutane, ya tarar sun fi na takarda yawa. Can ya samo sunan: ba ka gama ba shi labari bai ja tsaki ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa tsaki ba, wani tsohon kaset na Mai Farin Kwat, mawaƙin da yake tashe lokacin Malam yana ango. A tsohon gidan sinima aka ɗauke shi, ranar da Malam ya kai amaryarsa kallo. Mawaƙin yana da wani salo: a tsakiyar waƙa sai ya ɗaga hannu, mai ganga da mai jita su tsaya cak, ya bar jama'a a rataye har numfashi ya fara yi musu wuya, sannan ya saki murya. A cikin wannan shirun ne kujerar ƙarfe mai naɗewa ta naɗe da Malam a ciki. Kaset ɗin ya kwashe komai: ƙarar faɗuwa, dariyar mace ɗaya tak a zauren, da muryarta tana cewa, "Tashi mana, ka ba ni kunya!" Sai mawaƙin ya ce a makirufo, "A taimaka wa angon nan, amarya ta fi ƙarfinsa."

Tun da matar Malam ta rasu, abin da ya rage masa na muryarta ke nan. Hotuna suna nan, amma a hoto ɗaure fuska take kamar mai jiran hukunci.

Da kaset ya fara ja, sai 'yarsa Auta ta lallaɓa shi ya ba mijinta ya juya shi a kwamfuta. Mijin yana da wani ɗaki da ya manne wa soso a bango, inda yake naɗar muryoyin samarin da ke waƙa ta hanci. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ba wata makaranta ba.

Ranar da ya dawo da aikin, bakinsa har kunne.

"Baba, saurara ka ji. Na wanke maka shi tas."

"Wanki na ba ka?"

"Ai duk hayaniyar na cire. Akwai wajen da wani gaula ya faɗi da kujera, wata mata tana ta ɓaɓɓaka dariya. Na share su, kamar ba a taɓa haihuwarsu ba."

Auta ta dafe ƙirji. Malam ya saurari wurin: kiɗa ya tsaya, shiru fes kamar ɗakin asibiti, sai waƙa ta ci gaba.

"Ina kaset ɗin?"

"Ya tsinke a cikin inji, Baba, na zubar. Na farkon da na juya ma na goge, wuri yake ci."

Malam bai ja tsaki ba, abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Ya dubi surukinsa ya ce, "Matar da ka share ita ta haifi matarka. Gaulan kuwa ga shi a gabanka."

Daga ranar bai ƙara cewa da shi ko sannu ba.

Bayan 'yan watanni aka manna talla a bangaye: Mai Farin Kwat zai dawo dandamali a zauren wani otal, da la'asar, don masu kallonsa yanzu ba sa iya kaiwa dare. Auta ta yanko tikiti don ta wanke laifin mijinta. Malam ya ce ba ya zuwa kallon gawa tana rawa. Ranar kuma ya riga kowa sa takalmi.

Zauren ya ishe shi tun daga ƙofa. Wani inji yana hura hayaƙi ba gaira ba dalili. Kowa ya ɗaga waya sama, ya zo kallo yana kallon gilashi. Wani matashi da aka sa ya buɗe fage sai zagaye dandamali yake yana tambayar jama'a ko suna nan, kamar akwai inda za su.

"A zamaninmu," in ji Malam, "mawaƙi kafin ya sauka sai an matse kwat ɗinsa. Na ga mai ganga ya fasa fata, ya ƙarasa kiɗan a bayan kujera. Na ga mai barkwanci ya sa zaure kuka da hula kawai. Wannan kuwa ko gumi sai an fesa masa."

"Baba, mutane suna ji."

"Da suna ji da ba su zauna ba."

Sai ga Mai Farin Kwat, mutum biyu suna riƙe da shi a matakala. Gashi an shafe shi baƙi ƙirin, kwat yana lilo a jikinsa kamar an rataye a ƙusa. Ya kama makirufo, murya ta fito garau, ta ɗan shekara talatin. Zaure ya kaure da tafi.

"Ji wawaye," in ji Malam. "Mutumin da bai iya hawa matakala ba, shi ne zai riƙe wannan numfashin? Faifai aka kunna, baki kawai yake motsawa. Dubi mai jita, yatsunsa suna gabas, kiɗa yana yamma."

Yana cikin magana sai ya kasa kunne. A ƙarƙashin waƙar akwai wani ƙugi da ya sani, na tsofaffin fankokin gidan sinima. Ya damƙe hannun kujera.

Tsakiyar waƙa ta zo. Tsohon ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Ganin ya sami sarari, sai ya ɗauki gorar ruwa ya kafa a baki. Lasifika ta ce gwaram! Sai dariyar mace, sakakkiya, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, ta cika zauren otal har rufi.

"Tashi mana, ka ba ni kunya!"

Mutane suka shiga waige-waige suna neman wanda ya faɗi. Kafin su gama, muryar Mai Farin Kwat ta ce a taimaka wa ango, alhali gora tana bakinsa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

"Kai! Faifai ne!" wani ya yi ihu. "An yaudare mu!"

Zaure ya hautsine. Masu waya suka ƙara ɗaga waya, yanzu sun sami abin ɗauka. Mawaƙin ya tsaya yana raba ido, ruwa yana bin haɓarsa. Auta kuwa ta toshe baki tana kuka, ta juya ta ce, "Baba, Mama ce," sai ta ga kujera wayam.

Malam ya riga ya kai bayan zaure, wajen teburin mai haɗa sauti, wani ƙato mai ƙaton abin sauraro na kunne rataye a wuya, yana ta kashe maɓallai yana zufa.

"Baba, don Allah ba laifina ba ne. Waƙar nan ba a taɓa ɗaukarta a situdiyo ba, wannan tsohon faifan na gidan sinima kaɗai gare mu. An ce in yanke wurin nan, na sha'afa."

"Allah ya yi wa sha'afarka albarka. Duk zauren nan kai kaɗai ka yi aikin kirki, shi ma don ba ka yi ba ne." Ya zaro wayarsa ya ajiye a kan tebur. "Zuba min shi a nan."

Mutumin ya dube shi, ya dubi masu ihu, ya ga wannan ya fi sauƙi. Ya jona waya.

"Amma bari in ɗan gyara maka shi tukuna, Baba. Akwai wata mata da ta ɓata wajen da dariya."

Malam ya ɗora sandarsa a kan hannun mutumin, a hankali.

"Ɗana, ka taɓa matar nan, da hagu za ka ci abinci."

Da aka gama Malam ya ja kujera, ya girgiza ta sosai ya tabbatar ba mai naɗewa ba ce, ya zauna. Ana jifan dandamali da gorunan ruwa, shi kuwa ya manna waya a kunne yana jiran kiɗa ya tsaya.