Akwala a Bakin Get

Hedimasta ya ja ƙafa baya ya hauri tayar motar kamar yadda aka koya masa, sai dai ya manta takalmi mai buɗaɗɗen baki ya sa. Babban ɗan yatsansa ne ya karɓi saƙon. Ya cije leɓe, ya gyara zaman tabarau, ya dubi Dillali da fuskar wanda ya gano babban aibi.

"Tayar nan ta cika tauri," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ai taya ce," in ji Dillali, yana murmushi. "Da ta yi laushi da sai mu kai ta wurin mai faci."

Motar kuwa ba ta da laifi ko na anini. Ruwan toka ce mai ƙyalli, ƙofa huɗu, ba ƙarama can ba, ba kuma irin ta manyan nan da ke shan mai kamar raƙumi ba. Tun ran da Hedimasta ya hango ta ta cikin wayar shingen wurin sayar da motoci a hanyarsa ta zuwa makaranta ya kasa sukuni. Ya canza hanya don kawai ya riƙa wucewa ta gabanta. Amma yau an hana shi ko kallonta da idon rahama.

Wanda ya hana shi yana tsaye a gefe, hannu a aljihu. Ƙanin matarsa ne, wanda gida kaf ake kira Injiniya tun ran da ya kwance fankar falo ya kasa mayar da ita. Bai taɓa mallakar ko keke ba, amma in ana maganar mota bakinsa ba ya hutawa. Shi ya tsara yaƙin tun a hanya. "Yaya, kada ka yi murmushi. Duk abin da ka gani ka kushe. In ya ƙi tayinmu, mu juya mu tafi, kada wanda ya waiwaya. Da gudu zai biyo mu."

Dalilin zuwan nasu yana fake a can gefe, ƙarƙashin bishiya: tsohuwar akwalar Hedimasta mai ƙofa biyu, wadda ya saya tun suna shi da matarsa kaɗai. Yanzu yara huɗu ne, ga kuma Hajiya, surukarsa, da ta dawo gidan da zama saboda ciwon gwiwa. Shigar da Hajiya kujerar baya aiki ne na mutum biyu da addu'ar maƙwabta. Makon da ya wuce ta maƙale a ƙofar asibiti, rabi a ciki rabi a waje, har mai gadi ya zo yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Da suka koma gida matarsa ta ajiye jakarta ta ce, "Malam, ko dai mota ko dai uwata. Zaɓi wadda za ka canza."

Matar tasa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da lokacin wasan kwaikwayo. Tuni ta buɗe but ɗin bayan motar ta leƙa, ta auna faɗinsa da hannu.

"Keken guragu zai shiga nan?"

"Har da mai tura shi, Madam," in ji Dillali. "Amma in iyali ne da yawa, ga wata babba can, mai tsayi, in kun hau sai kuna kallon mutane ta sama."

"Ba ta shiga ƙofar gidanmu. Wannan yaya shan manta? Kayan gyaranta ana samu, ko sai an yi wasiƙa ƙasar waje?"

Injiniya ya yi gyaran murya don ta daina nuna sha'awa. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallon injin, ya girgiza kai cike da takaici.

"Kafiretar ta gaji," ya ce.

"Ba ta da kafireta," in ji Dillali.

"To ka ji! Ko kafireta babu, kuma kake son kuɗi mai yawa."

Ana cikin haka Hajiya ta ƙaraso da sandarta, tana cewa tunda dominta aka zo, bari ta gwada. Dillali ya buɗe mata ƙofar baya. Ta juya, ta zauna, ta ɗauke ƙafa ɗaya, ta ɗauke ta biyu, shi ke nan. Babu wanda ya tura, babu wanda ya ja. Dillali da ya san aikinsa ya zagaya ya tayar da motar ya kunna esi, sanyi ya cika ciki.

Hajiya ta lumshe ido. "Ikon Allah! Ashe haka mutane suke rayuwa? Malam, wannan ita ce. Ko nawa ya ce ka ba shi."

Hedimasta ya ji kamar ƙasa ta tsage. Da malamin makarantarsa ne ya yi wannan ɓarnar da ya sha takardar gargaɗi. Amma suruka ce. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajiya."

A ofishin Dillali, wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kalandar bara, aka zauna ciniki. Dillali ya faɗi farashi. Hedimasta ya saki dariyar da ya yi ta gwadawa a gaban madubi, amma ta fito kamar tari, har matarsa ta miƙo masa ruwa. Ya yi nasa tayin.

"Albarka," in ji Dillali, a hankali, kamar mai yi wa maras lafiya sannu.

"To mu haɗa maka da tawa motar, ka rage."

Dillali ya leƙa ta taga ya dubi akwalar. "Waccan mai ƙofa kala daban? Ranka ya daɗe, ni mota nake sayarwa. Wannan sai dai gidan tarihi."

Maganar ta yi wa Hedimasta zafi fiye da yatsansa. A cikin motar nan aka kawo 'ya'yansa huɗu daga asibiti. Injiniya ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, kuma daidai kan yatsan. Hedimasta ya miƙe zumbur, wanda ya yi kama da fushi sosai.

"Mun tafi!"

Suka fito a jere, kai a sama. Suka shiga akwala, Injiniya ya naɗe a baya, matar a gaba. Motar ta tashi a bugu na uku, Hedimasta ya nufi get yana tafiyar hawainiya.

"Yana zuwa?"

"Kada ka waiwaya, Yaya."

"Ban waiwaya ba, tambaya na yi."

Bai waiwaya ba kam, amma idonsa na kan madubi. A cikin madubin ya ga Dillali ya fito, ya yi miƙa, ya zauna a benci ya ɗauko wayarsa. Ko a jikinsa. Hedimasta na cikin kallon wannan rashin mutunci ya ji ƙuuu, gaban motar ya dulmiya. Tayar dama ta faɗa cikin kwatar da ke bakin get, motar ta karkace ta tare ƙofar daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. Injin ya yi atishawa sau ɗaya ya mutu. Wani koren ruwa ya fara tsiyaya daga ƙasa.

Hedimasta ya saki sitiyari. Sannan matar ta juya baya, ta dubi ƙaninta, ta dubi kujerar da ke gefensa.

"Malam, ina Hajiya?"

Sun manta da ita a cikin esi.

Kafin su gama fitowa, wata doguwar tirela ɗauke da motoci ta taho za ta shiga. Direban ya ga ƙofa a toshe, ya kwanta a kan hon. Bayansa motocin haya suka jeru, bayansu masu babura, kowa na faɗin abin da ya zo bakinsa. Yanzu kam Dillali ya taho da gudu, kamar yadda Injiniya ya yi alkawari.

"Na gaya maka," Injiniya ya raɗa wa Hedimasta.

"Ku cire min wannan abin daga ƙofa!" in ji Dillali, murmushin nan duk ya tafi hutu.

Aka tara ma'aikatan wurin aka tura gaba, ta ƙi. Aka tura baya, bamba ta cire a hannun wani. Hedimasta ya murza makulli har yatsunsa suka yi ja, akwala ta ce ita ta gama magana. Dillali ya kira mai janwe, aka ce yana wani aiki, sai yamma. Jami'in kula da hanya ya ƙaraso yana huci, ya ce in aka ciro ta ba za a bar masa ita a kan titi ba, a shigar da ita ciki.

"Cikin ina?" in ji Dillali. "Masu saye su zo su ganta a tsakanin motocina? Su ce irin kayana ke nan?"

Ya juya ya nufi motar ruwan toka, da niyyar ya fitar da Hajiya ko ya rage matsala ɗaya. Ya same ta ta cire takalmi, ta miƙe ƙafafu a kan kujera, tana barci har da ɗan minshari. Ya ƙwanƙwasa gilashi da ladabi.

"Mama, a yi haƙuri, za a kashe motar."

Hajiya ta buɗe ido ɗaya. "Ɗan nan, rabon gwiwar nan da ta yi shiru tun kafin a haife ka. Yanzu ta samu wuri. In ka iya tashinta, bismilla. Ni dai ba ruwana."

"Mama, mai ne yake ƙonewa."

"Allah ya ba ka ladan."

Ta rufe idon. Dillali ya dubi ma'aikatansa, kowa ya kau da kai, don babu wanda zai sa hannu ya jawo tsohuwa daga mota a gaban jama'a. Ya dubi Hedimasta, Hedimasta ya buɗe hannuwa. Shi da ko ruwa ba ya iya sha a gabanta, shi ne zai ce ta fito?

A waje direban tirela ya sauko yana rantsuwa zai juya da kayan. Dillali ya share gumi da hularsa. Sai a lokacin matar Hedimasta ta matso, a natse, kamar za ta yi wa yaro allura.

"Mai gida, abin ai mai sauƙi ne. Motar can tana da ƙarfin jan wannan?"

"Har biyunta."

"To ka sallama a yadda Malam ya taya. Yaranka su ɗaga tamu su ajiye a gefe, tirelarka ta shiga. Mu kuma mu ɗaure ta a bayan sabuwar mu tafi da ita, da Hajiya, da ƙanina. Duka a tafiya ɗaya."

Dillali ya dubi Injiniya, wanda a lokacin yake bayyana wa jami'in hanya yadda ake gyara lagireto da sabulu.

"Har da shi?"

"Har da shi."

"Ki ƙara ko kaɗan ne, Madam, don Allah. Kada a ce an yi min fashi da rana."

Ta ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta ce amma igiya tasa ce, kuma ya mayar da man da Hajiya ta sha.

"Na sallama," in ji Dillali, da muryar wanda aka cire wa haƙori.

Ƙarti suka kama akwala suka ɗaga ta caɗak suka dire a gefe. Tirela ta shiga, titi ya buɗe, masu babura suka wuce suna tafi. Aka koma ofis aka cike takardu, Hedimasta ya rattaba hannu irin na kan sakamakon jarrabawa, mai dogon jela. Zuciyarsa fari ƙal. Farashin da ya biya ko a mafarki bai zata ba. Dillali ya miƙo makulli, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ji sanyinsa a tafin hannu.

A bakin titi aka ɗaure igiya. Hedimasta ya nufi ƙofar direba ta sabuwar motar yana gyara wuyan riga.

"Malam," in ji matarsa, "wa zai riƙe sitiyarin tsohuwar?"

Ya dubi Injiniya.

"Ni ai ɓangaren ilmin na fi ƙwarewa, Yaya. Tuƙin ne ban kai ga koya ba tukuna."

"Ke fa?"

"Sitiyarin da sai an juya dama yake zuwa hagu? Birkin da sai an yi masa famfo? Duk duniya kai kaɗai take jin maganarka."

Gaskiya ta faɗa. Ya sa mata makullin a hannu, yana ce mata ta bi a hankali, kada ta taka rami, kada ta bari Injiniya ya taɓa komai.

Haka suka hau hanya, sabuwa a gaba, akwala a baya, igiya a tsakani. Gilashin akwalar ya daɗe da daina sauka sai rabi, rana kuma ta buɗe sosai. Gumi ya jiƙa rigar Hedimasta har baya. Ta gilashin da ke gabansa yana hango kan Hajiya ya kwanta a gefe, yana hango Injiniya a kujerar gaba yana ta danne-danne, abin goge gilashi na ta kai da komo alhali babu ko gajimare.

A wurin danja suka tsaya. Wani mai babur ya matso daidai tagarsa, ya dubi igiyar, ya dubi akwalar, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Sannu, Baba. Amma ka yi sa'a fa. Masu irin motar can ba su cika tsayawa su taimaki talaka ba. Mutanen kirki ne."

Hedimasta ya buɗe baki zai gaya masa ko motar wace ce. Sai idonsa ya sauka a kan bayanta, yadda rana ta kwanta a kan ruwan tokar, da fitilun birki jajawur, biyu cif, duka suna ci.

"Wallahi kuwa," ya ce. "Kuma na ji an ce mai ita ya iya ciniki."

Danja ta ba da hannu, igiya ta miƙe, ya damƙe sitiyari ya bi motarsa.