Hannun Dakta Umma

"Kowa ya riƙe numfashi, ga wani fara can!" in ji Kingsley, shugaban ƙungiyar masu hoton ƙwari, da Hausarsa ta Nyanya wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

Su tara ne suka shiga kurmin da ke bayan Yangoji a safiyar Asabar ɗin nan ta damina, kowa da kyamara mai ƙara wa abu girma har sai an ga gashin ƙafar ƙuda. Manyan mutane, wasu har da furfura, sai ga su rub da ciki a taɓo saboda tsutsa. Abin dariya, amma fa kada ka yi a gabansu.

Dakta Umma ce baƙuwa a cikinsu. Likitar ido ce, ta tsufa tana cire wa mutane yana, kuma duk asibitinsu an san ba a ja da hannunta. Clara, nas ɗin da ta daɗe tana miƙa mata kayan aiki a ɗakin tiyata, ita ta yi ta naci sai da ta jawo ta.

"Madam, a jingina gwiwar hannu a ƙasa," in ji Kingsley. "Wannan gilashi ba ya rufa asiri. Motsi kaɗan, hoto ya lalace."

Umma ta yi dariya. "Ɗana, ni da nake ɗinke ido da zaren da ya fi gashi siranta? Matsa ka ga aiki."

Ta durƙusa, ta saita idon farar, ta danna. Ta duba: dishi-dishi. To, iska ce. Ta jira ganye ya tsaya cak, ta sake. Haka dai. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Farar nan ko gezau, kamar an biya ta ta zauna.

"Kyamarar nan taki ta gaji, Clara."

Clara ta karɓa. Daga inda Umma ta durƙusa ta ɗauka, sau ɗaya tak, ta miƙo mata. Ga idon fara tangaran, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma.

Gaban Umma ya faɗi. Tsoro ta ji, irin wanda rabonta da shi tun tana ɗaliba. Jibi Litinin akwai wani dattijo manomi daga Gwagwalada da za ta yi wa aiki, kuma ido ɗaya ya rage masa a duniya.

Sauran suka yi gaba, ana ihun an ga gizo-gizo mai ruwan gwal. Umma ta zauna a kan wani kututture, ta miƙe hannun damanta a gabanta. A ido lafiya lau yake. Ta ɗauki siririn kara, ta riƙe shi yadda take riƙe wuƙar aiki. Bakin karan yana rawa, kaɗan-kaɗan, ba ya fasawa.

"Tun yaushe kika sani?" ta tambayi Clara da ta tsaya a gefenta, ba ta ɗago ba.

"Tun bayan bikin Ista, Mama," in ji Clara. "Ina gani idan na miƙa miki kaya. Ban san ta inda zan fara ba. Wa zai kalli idonki ya faɗa miki?"

"Shi ne kika kawo ni daji fara ta faɗa mini."

"Ki yafe mini."

Umma ta dube ta. Haushi ya taso mata, ya daɗe, sannan ya sauka. Ta jefar da karan.

"Ja'ira. Kawo mini jakata."

Ta ciro waya, ta hau wani ɗan tudu inda sabis ke kamawa, ta kira Dakta Tawfiq, yaron da ta horar da kanta, wanda kullum take cewa har yanzu da sauransa a aiki.

"Tawfiq, dattijon nan na Litinin, kai za ka yi masa."

"Ni, Mama? Mai ido ɗayan? Ai ke kika ce…"

"Na san abin da na ce. Ni na koya maka, na kuwa san abin da na koya maka. Ka yi barci sosai ranar Lahadi."

"Tafiya za ki yi ne?"

"Ina nan daram," in ji Umma. "Zan tsaya a bayanka daga farko har ƙarshe, hannuna a aljihu."